Kofoworola Abeni Pratt: Matar Da Ta Ɗaga Darajar Aikin Jinya A Najeriya

Likita yakan zagaya ɗakin majinyata da safe, ya duba kowane maras lafiya na 'yan mintuna, ya rubuta magani, ya wuce. Sauran sa'o'in yini da na dare kuwa a hannun ma'aikatan jinya suke. Su ne masu auna zafin jiki da bugun jini, su ba da magani a kan kari, su wanke ciwo, su juya wanda ba ya iya juya kansa, kuma su ne ke fara lura idan numfashin majinyaci ya sauya da tsakar dare. Duk da wannan nauyi, an daɗe a ƙasar nan ana yi wa aikin kallon aikatau, wanda ba ya buƙatar ilimi mai zurfi, kuma bai dace da 'yar babban gida ba.

Cikin waɗanda suka kawar da wannan kallo, babu kamar Cif Kofoworola Abeni Pratt. Ita ce 'yar Najeriya ta farko da ta shugabanci ma'aikatan jinya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, kuma ta farko da ta riƙe muƙamin Babbar Jami'ar Jinya ta Tarayya. Sunanta bai yi amo a Arewa kamar na 'yan siyasar zamaninta ba, amma duk nas ɗin da ke sanye da farin kaya a yau, daga Legas har Gwarzo, tana tafiya ne a kan hanyar da wannan baiwar Allah ta share.

Haihuwa da tasowa

An haifi Kofoworola a birnin Legas a shekarar 1915, a gidan Scott, ɗaya daga cikin gidajen 'yan boko na birnin a wancan zamani. Iyayenta mabiya ɗariƙar Angilika ne, saboda haka ta yi karatu a makarantar 'yan mata ta mishan ɗin CMS da ke Legas, inda ta kammala sakandare a lokacin da 'yan matan da ke kaiwa wannan mataki a faɗin ƙasar ba su taka kara sun karya ba.

Tun tana makaranta zuciyarta ke ga aikin jinya, amma mahaifinta bai amince ba. Idan aka dubi yadda aikin yake a lokacin, za a fahimci dalilinsa. A asibitocin gwamnatin mulkin mallaka da na mishan, 'yan ƙasa da ake ɗauka aikin jinya galibi masu ƙaramin karatu ne, da yawansu maza, waɗanda a Arewa ake haɗa su a kira su malaman asibiti. A bakin aiki ake koya musu abin da za su yi, albashinsu kaɗan ne, kuma duk daɗewar mutum a aiki yana ƙarƙashin sistocin Turawa ne, domin manyan muƙamai an keɓe su ga masu takardar shaidar Ingila. Uban da ya kashe kuɗi ya ilimantar da 'yarsa ba zai so ta shiga aikin da ba shi da tsanin hawa ba.

Kofoworola ta bi umarnin mahaifinta. Ta shiga kwalejin horar da malamai ta mishan da ke Ibadan, ta fito malama, ta koyar a makarantar 'yan mata ta CMS daga 1936 zuwa 1940. A farkon shekarar 1941 aka ɗaura mata aure da Olu Pratt, masanin haɗa magunguna, wanda daga baya ya tafi Landan ya karanci aikin likita a Asibitin St Bartholomew. A ganin mutane da yawa zancen jinya ya ƙare ke nan, tunda ga aure, ga haihuwa, ga sana'ar koyarwa a hannu. Ashe burin yana nan bai mutu ba, jiran lokacinsa kawai yake yi.

Makarantar da ta zaɓa

A shekarar 1946, bayan ta haura shekara 30 da haihuwa, tana da miji da ɗa ƙarami, ta isa Ingila ta shiga Makarantar Jinya ta Nightingale da ke Asibitin St Thomas a Landan. Sai an san tarihin wannan makaranta za a gane girman matakin da ta taka.

A lokacin Yaƙin Kirimiya, a ƙarshen shekarar 1854, wata Baturiya mai suna Florence Nightingale ta jagoranci mata 38 zuwa asibitin sojojin Birtaniya da ke unguwar Uskudar a birnin Santambul. Ta tarar cewa abin da ya fi kashe sojoji shi ne cututtukan ƙazanta, irin su kwalara da atini da zazzaɓin taifot, fiye da raunukan fagen fama. Bayan da aka gyara magudanan ruwa, aka tsaftace ɗakuna, aka inganta abinci da iska, sai mace-mace suka ragu ƙwarai. Da ta koma gida ta yi amfani da alƙaluma wajen nuna wa hukuma wannan gaskiya, jama'a kuma suka tara mata gudummawar da ta haura fam 40,000. Da wannan kuɗi aka buɗe makarantar a shekarar 1860, kuma daga nan tsarin jinya na zamani ya bazu a duniya. Saboda tunawa da ranar haihuwarta ne ake bikin Ranar Ma'aikatan Jinya ta Duniya a duk 12 ga watan Mayu.

Ke nan Kofoworola ta nufi tushen sana'ar ne kai tsaye. Makarantar ta yi suna wajen tsananin horo, kuma a al'adar lokacin 'yan mata marasa aure ake ɗauka, su zauna a gidan kwanan ɗalibai, wadda ta yi aure kuma sau da yawa ta bar aikin. Karɓar matar aure, uwa, kuma baƙar fata daga Afirka, abu ne da ba a saba gani ba.

Landan bayan yaƙi

Landan ɗin da ta tarar tana farfaɗowa ne daga Yaƙin Duniya na Biyu. Asibitin St Thomas, wanda ke bakin Kogin Thames daura da ginin Majalisar Dokoki, ya sha ruwan bama-bamai, wasu sassansa sun rushe. Abinci sai da katin rabo, har burodi ma an sa shi cikin rabon a shekarar da ta isa. Hunturun farko da ta yi a can, na 1946 zuwa 1947, yana cikin mafiya tsanani a tarihin Birtaniya, ga kuma ƙarancin gawayin ɗumama ɗaki.

Karatun ya haɗa aji da ɗakin majinyata. Ɗaliba za ta koyi sassan jikin ɗan Adam da yadda suke aiki, da ilimin magunguna, da ƙa'idojin tsafta, sannan ta yi aikin hannu: gyaran gado, wanke majinyaci, kwashe bahaya, ciyar da wanda ba ya iya ci, da kwanan zaune a aikin dare. Tsohuwar malamar makaranta ta koma ƙasan layi tare da 'yan matan da ta girme su da shekara goma ko fiye. Ta kuma ɗanɗana wariyar launin fata, domin an sami majinyacin da ya ƙi yarda baƙar fata ta taɓa shi. Ba ta bari hakan ya karya mata gwiwa ba. A wajen asibiti kuma ta shiga harkokin Ƙungiyar Ɗaliban Afirka ta Yamma, wadda ta kasance matattarar matasan da ke fafutukar neman 'yancin kai.

Tana tsakiyar karatu ne, a ranar 5 ga watan Yulin 1948, Birtaniya ta ƙaddamar da hukumar lafiyarta ta ƙasa, wato NHS, wadda ke ba kowa magani kyauta. Kofoworola ta ci jarrabawar farko a wannan shekara, ta ci ta ƙarshe a 1949, aka yi mata rajistar cikakkiyar ma'aikaciyar jinya a 1950. Wannan ne ya sa ake ambaton ta a sahun farko na baƙaƙen fatar da suka yi aikin jinya a sabuwar hukumar. Ba ta tsaya nan ba: ta ƙara da takardar ungozoma, da ta jinyar cututtukan ƙasashe masu zafi, da kwas ɗin shugabancin ɗakin majinyata a Kwalejin Jinya ta Masarautar Birtaniya. Ta yi aiki a Asibitin Yara na Evelina, sannan ta koma St Thomas.

Komawa gida

A wannan mataki tana da duk abin da ake buƙata don zama a Ingila har ƙarshen rayuwa. Amma a shekarar 1954 ta tattara ta dawo Najeriya, ta nemi aikin sista mai kula da ɗakin majinyata a Asibitin Koyarwa na Ibadan. Abin mamaki, takardun da aka amince da su a Landan sai ga shi an yi musu tirjiya a ƙasarta ta haihuwa, domin wannan muƙami a lokacin na Turawa ne. Sai da waɗanda suka san aikinta suka sa baki kafin a janye ƙin amincewar, ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta hau kujerar.

A lokacin ba a kammala ginin asibitin na dindindin ba, ana amfani ne da Asibitin Adeoyo, tsohon asibitin hukumar gargajiya ta Ibadan, mai ƙarancin kayan aiki. A can ta fara nuna abin da ta koyo. Ta tsaya a kan tsaftar ɗaki da ta majinyaci, da ingancin abinci, da rubuta bayanin kowane maras lafiya, da tsare lokacin magani. Waɗannan abubuwa ana iya ganin su ƙanana ne, amma su ne bambanci tsakanin ciwon da ya warke da wanda ya ruɓe. A watan Nuwamban 1957 aka buɗe sabon asibitin mai gadaje 500, ita kuma ta ci gaba da hawa mataki bayan mataki. Ta koma Landan ta karanci tafiyar da harkokin jinya, ta kuma ziyarci Amurka da wasu ƙasashen yankin Karibiyan don ganin yadda suke horar da ma'aikatansu.

Lokacin ya dace da shirin miƙa manyan muƙaman gwamnati ga 'yan ƙasa, wanda ya kankama gab da samun 'yancin kai a 1960. Akwai masu shakkar cewa idan Turawa suka tafi ingancin asibitoci zai faɗi. Amsar da Kofoworola ta ba su ita ce aikinta. A shekarar 1964 aka naɗa ta shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin baki ɗaya, shekara goma cif bayan an so hana ta shugabancin ɗaki guda.

Daga ɗakin majinyata zuwa ma'aikata

Ta fahimci cewa ɗaukakar mutum ɗaya ba ta isa ta ɗaga sana'a ba. Saboda haka ta sa hannu wajen kafa ƙungiyar ƙwararrun ma'aikatan jinya ta Najeriya, da mujallar da za su riƙa rubuta abin da suka gano a bakin aiki. Tana kuma cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka har aka buɗe sashen nazarin jinya a Jami'ar Ibadan a 1965, da tallafin Hukumar Lafiya ta Duniya. Wannan mataki ya kai jinya zauren jami'a, inda za a ba da digiri a kanta kamar sauran fannonin ilimi, a kuma samar da malaman da za su koyar a makarantun jinya na ƙasa. Ita da ta fara rayuwa da alli a hannu ta san cewa ingancin ɗalibi daga malaminsa yake.

A wannan shekara ta 1965 aka ɗauke ta zuwa Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a matsayin Babbar Jami'ar Jinya. Kujerar ta ɗora mata alhakin ba gwamnati shawara kan manhajar makarantu, da sharuɗɗan ɗaukar ɗalibai, da matakan ƙarin girma. Zamaninta ya faɗa cikin mawuyacin hali: juyin mulki biyu a 1966, da yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, da ƙirƙiro jihohi 12 waɗanda kowacce ke buƙatar nata asibitoci da makarantu. Rikicin ya sa ƙwararrun ma'aikata da yawa sun koma yankunansu na asali, lamarin da ya bar giɓi babba a asibitocin Arewa, ya kuma fito da muhimmancin kowane yanki ya horar da 'ya'yansa.

A fagen duniya an zaɓe ta mataimakiyar shugabar Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya. A gida kuma ta shugabanci Majalisar Ƙungiyoyin Mata ta Ƙasa a farkon shekarun 1970. Daga 1973 zuwa 1975 ta riƙe muƙamin Kwamishiniyar Lafiya ta Jihar Legas a gwamnatin Birgediya Mobolaji Johnson, kujerar da aka saba ganin likitoci da 'yan siyasa a kanta. Yarinyar da aka hana karatun jinya don gudun ƙasƙanci, jinyar ce ta kai ta majalisar zartarwa.

Karramawa da rasuwa

A shekarar 1973 Kwamitin Red Cross na Duniya ya ba ta Lambar Florence Nightingale, wadda ita ce mafi girma da ake ba ma'aikacin jinya a duniya. A 1975 aka naɗa ta sarautar gargajiya ta Iya Ile Agbo ta garin Isheri. Kwalejin Jinya ta Masarautar Birtaniya ta karrama ta a 1979, Jami'ar Ife ta ba ta digirin girmamawa, Gwamnatin Tarayya kuma ta ba ta lambar OFR. Farfesa Justus Akinsanya ya rubuta tarihin rayuwarta a wani littafi da ya fito a 1987, inda ya kwatanta ta da Nightingale. Ta rasu ranar 18 ga watan Yunin 1992.

Tsanin da ta bari

Abin da mahaifinta ya ji tsoro, wato aikin da ba shi da gaba, yau ya zama sana'a mai tsari. Tun 1979 aka haɗa hukumar jinya da ta ungozoma suka zama majalisa ɗaya, wadda ke shirya jarrabawa, ta yi rajista, ta ba da lasisi. Mai son shiga yana buƙatar kiredit biyar a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Daga nan ko dai ya bi ta kwalejin jinya, ko ya yi digiri na shekara biyar a jami'a, kamar yadda ake yi a Jami'ar Bayero ta Kano da ta Ahmadu Bello da ke Zariya. Bayan rajista akwai fannonin ƙwarewa: ɗakin tiyata, sashen gaggawa, lafiyar ƙwaƙwalwa, ido, wankin ƙoda, da jinyar ƙashi, wadda ake koyarwa a Asibitin Ƙashi na Dala.

Jinyar manya, wadda ita ce ginshiƙin horon da Kofoworola ta samu, buƙatarta sai ƙaruwa take yi. Hawan jini da ciwon sukari da ciwon ƙoda da shanyewar ɓarin jiki sun zama ruwan dare a birane da ƙauyuka. Irin waɗannan cututtuka ba allura ɗaya ke raba mutum da su ba, kulawa suke so ta watanni da shekaru. Dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, idan ba a juya shi duk bayan sa'o'i kaɗan, gyambon kwanciya zai kama shi. Mai ciwon sukari kuma ƙaramin ciwo a ƙafa yana iya kai shi ga yanke ta idan ba a sami mai lura ba. Wanda ya taɓa ɗauko mahaifiyarsa daga Garo ko Getso zuwa Babban Asibitin Gwarzo, ko ya wuce da ita Asibitin Murtala a Kano, ya san darajar hannun da ya ƙware.

Darasi ga Arewa

Tarihin wannan mata ya taɓo al'amura biyu da har gobe suke damun mu. Na farko shi ne na iyaye da mazaje. Magidanci a Kabo ko Kano yakan so mace ce za ta duba matarsa ko mahaifiyarsa, kuma yana da hujja. Amma sau da yawa shi ne kuma ke hana 'yarsa ko matarsa karatun jinya, saboda aikin dare ko surutun mutane. Idan kowa ya hana tasa, wa zai duba ta wani? Ga al'ummar Musulmi ma aikin ba baƙo ba ne. Rufaida Al-Aslamiyya, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, kuma a can Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan an harbe shi a Yaƙin Gwalalo. Labarin Kofoworola ya ƙara nuna cewa aure da haihuwa ba sa rufe ƙofar karatu idan miji ya ba da goyon baya, domin da aurenta da ɗanta ta fara.

Na biyu shi ne na hijirar ma'aikata. Hanyar da ta bi zuwa Landan a 1946 yau ta cika da matasa, har Najeriya ta shiga sahun Indiya da Filifin a jerin ƙasashen da suka fi ba Birtaniya ma'aikatan jinya. Bambancin shi ne kaɗan ne ke dawowa. A farkon 2024 majalisar jinya ta fito da ƙa'idar cewa sai mutum ya yi aikin shekara biyu bayan kammala karatu kafin a tantance takardunsa don fita waje, ma'aikata kuma suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma gidan ma yana da nasa haƙƙin da zai sauke. Kofoworola ta dawo ne a lokacin da ƙasa ke gina sababbin asibitoci, kuma da aka buɗe mata ƙofa ta ga inda ƙwazonta zai kai ta. Matashiyar da ke kula da ɗaki cike da majinyata ita kaɗai da fitilar waya, albashi bai kai ta ƙarshen wata ba, ƙarin girma kuma ya maƙale shekaru, takarda daga Abuja ba za ta tsare ta ba.

Saboda haka nauyin a rabe yake. Gwamnatocin jihohi su faɗaɗa gurabe a makarantun jinya, su ɗauki waɗanda suka kammala aiki, su ba masu aiki a karkara alawus da muhallin da zai zaunar da su. 'Yan kasuwa masu hali su sani cewa ɗaukar nauyin karatun yarinya ɗaya daga ƙauyensu sadaka ce mai gudana, domin dubban majinyata za su bi ta hannunta. Iyaye kuma su dubi abin da ya faru a gidan Scott: burin da aka hana yarinya ya jinkirta fiye da shekara goma, kuma da ya mutu a lokacin, da ƙasa baki ɗaya ce ta yi asara.